Ni ce ta farkon tashi, ni ce ta ƙarshen kwanciya: ina zan samo lokacin kaina?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata 'yar'uwa a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, ta kuma nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ɗiyana huɗu. Babban namiji ne, shekararshi 11, sai mace 'yar 8, sai ɗan shekara 4, sai ta goye mai wata 9. Ina koyarwa a wata firamare, in na taso kuma in haɗa zoɓo da kunun aya na saidawa. Ƙarfe huɗu da rabi nike tashi, ban kwanciya sai sha biyu, in aka kawo wuta tsakar dare kuma in miƙe guga. Maigidana ɗan kasuwa ne, bai rage mu da komi ba, amma in ya fita da safe sai bayan isha'i. Kullum kaina na ciwo, ina shan farasitamol kamar gyaɗa, in na miƙe jiri ke ɗiba ta. Kitson da ke kaina ya yi wata biyu. Na zama mafaɗaciya, abu kaɗan in daka ma yara tsawa, daga baya in shige ɗaki in yi kuka. In na zauna hutawa kuma sai in ji kamar na yi laifi. Ku ba ni shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, sannu da fama. Allah ya raya miki su, ya sa ki ci moriyarsu.

Mu fara da lissafin da ke da kanki kika ba mu. Daga sha biyun dare zuwa huɗu da rabi, awa huɗu da rabi ke nan. A cire tashin da 'yar goye ke sa ki sau biyu ko uku, a cire daren guga, da ƙyar ki tsira da awa huɗu. Babban mutum kuwa awa 7 ne mafi ƙarancin barcin da jikinsa ke nema. Ke nan kowane dare jikinki na bin ki bashin awa uku, kafin mako ya zagayo bashin ya haura awa 20. Jiki magayi. Ciwon kan nan, da tsawar, da kukan da ke biyo bayanta, yawancinsu 'yan karɓar bashin nan ne suka tsaya miki a ƙofa.

Sai magana ta biyu, wadda duk sauran bayani a kanta ya rataya. Lokacin da kike cigiya bai ɓuya a wani lungu na ranarki ba, ranar ta cika maƙil. Masu cewa "ki riƙa sammako" ba su san da mai tashi huɗu da rabi suke magana ba. In dai za ki sami awa guda taki ta kanki, dole wani aiki ya bar hannunki: ko a daina shi, ko a rage shi, ko ya koma hannun wani.

Amma jirin nan shi za mu fara kamawa, don ba komai ne barci ke warkarwa ba. 'Yarki ta kai wata 9, lokacin rigakafin ƙyanda da na shawara ke nan, dama za ki je asibiti. Ranar da kika kai ta, kada ki dawo sai an duba ki ke ma. Ko asibitin unguwa ne, ko Babban Asibitin Katsina, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'adua, abu huɗu za ki nema: awon yawan jini da ma'aikata ke ce wa PCV, awon hawan jini, gwajin zazzaɓin cizon sauro, da gwajin suga. Macen da ba ta da ciki, in PCV ɗinta ya yi ƙasa da 36, jininta ya yi ƙaranci. Hawan jini kuma in ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, abin bibiya ne, don ya kan zauna shiru a jikin mace bayan haihuwa tana cewa gajiya ce. Idan duk waɗannan sun fito lafiya amma kasalar ba ta sake ki ba, ki tambayi likita ko zai duba tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, ita ma ta kan rikice wa wasu mata bayan haihuwa.

Idan aka ba ki maganin ƙarin jini, ga inda mata ke faɗuwa. Suna sha kwana goma, su ga bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, su tsorata su ajiye. Baƙin ba matsala ba ne, aikin maganin ne, taurin kuma ruwa da ganye ke sassauta shi. Wasu kuma da sun ji ƙarfi sai su daina, alhali ana so a ci gaba har kusan wata uku don rumbun jiki ya cika. Kada ki haɗiye shi da shayi ko fura da nono, suna hana hanji ɗaukarsa. Ki sha da ruwa, in da hali ki bi da lemo ko gwaiba.

Farasitamol kuwa ba gyaɗa ba ce. Ƙwaya biyu a lokaci guda, tsakani aƙalla awa huɗu, kada ta wuce takwas a kwana ɗaya, fiye da haka hanta ke biya. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: mai shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa ya kan koma haddasa ciwon. Ki sha ya lafa, ya sake ki ciwon ya dawo, ki ƙara. Shi ya sa za ki faɗa wa likita adadin da kike sha ba ragi. Haɗin gajiya da ake ƙullawa a leda a kemis kuma ki nisance shi. Sau da yawa akwai diklofenak da 'yan'uwansa a ciki, in suka faɗa cikin da babu abinci su kan jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, ga ki kuma kina shayarwa.

Alamomi uku ba sa jiran ranar rigakafi: numfashi ya riƙa gagarar ki in kin kwanta tare da kumburin ƙafa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko faɗuwa sumammiya. Ciwon zuciya bayan haihuwa sananne ne a asibitocin Arewa. In kin ga ɗaya cikinsu, asibiti a ranar.

Ba ki faɗi abin da kike ci ba, amma mun san yadda abin yake. A sallami yara, a zuba na maigida a kula, uwa ta tsaya bakin murhu ta kankare ƙanzo, ta kora da ruwan shayi, ta ce ta ci. Mai shayarwa na buƙatar ƙari a kan abincinta na da, kwatankwacin ƙaramin kwano guda a rana. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki zuba naki lokacin da kike zuba na kowa, a kwanonki, ki rufe, ki ci a zaune. Ba sai nama kullum ba: wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, alayyahu, ƙwai ɗaya, hanta sau ɗaya a mako in ta samu. Shayi ki raba shi da abinci da kamar awa guda. Ki tafi makaranta da gorar ruwa da ɗan abin taɓawa, ko gyaɗa da dabino ne, kada ki tsaya gaban allo tun safe har azahar da ciki wayam. A zafin Maris zuwa Mayu, da Katsina kan kai maki 40, ki ɗaura wa kanki doka: duk zaman shayarwa, kofin ruwa ɗaya. Fitsari in ya yi ja-ja, ruwa ya yi kaɗan, kuma shi kaɗai ma ya isa ya sa ciwon kai.

To, yanzu aiki. Ki yagi takarda daga tsohon littafin yara, kwana uku ki riƙa rubuta abin da kika yi da ƙarfe nawa, har da zaman waya. Kada ki gyara komai, ki rubuta kawai. Ranar ta huɗu ki sa wa kowane aiki alama: wanda ba mai iya yi sai ke, wanda wani zai iya, da wanda ko an bar shi ba abin da zai faru. Za ki tarar rukunin farko gajere ne: shayarwa, ibadarki, aikin makaranta, haƙƙin maigida, da jan ragamar tarbiyya. Wanke-wanke ba ya ciki. Guga ma haka.

Awa ta farko da za ki ƙwato a dare take. Burin shi ne ƙarfe goma ta same ki a kwance. Daga goma zuwa biyar saura, kusan awa bakwai ke nan, in aka cire shayarwa aka ƙara ƙailula, kin kusa biyan bashin. Kada ki ce daga sha biyu za ki dira goma a dare ɗaya, ki riƙa jawo rabin awa duk bayan kwana uku. Abin da ke cinye tsakanin isha'i da sha biyu yawanci abu huɗu ne: wanke-wanken dare, shirin kayan makaranta, jiran wuta, da waya. Biyun farko za su koma hannun yara. Wutar tsakar dare kuma a daina yi mata fadanci. Ki bar caja da fitila a jone kafin ki kwanta, in ta zo su sha abinsu kina barci. Yunifom in aka karkaɗe shi sosai da an wanke, aka shanya a miƙe, aka ninke da ya bushe, ba kullum yake neman guga ba. Na maigida a tara a kai wa mai wanki da guga, ko a yi da dutsen gawayi ranar Asabar gaba ɗaya.

Wayar ba za mu yi miki wa'azi a kanta ba. Macen da tun asuba ake kiran sunanta, in dare ya yi gida ya yi tsit, ta buɗe WhatsApp ko ta karanta shafi biyu na labari, hutun da aka hana ta da rana take ramawa. Matsalar kawai, daga barcinki ake cire kuɗin. Ki maido wa wayar lokacinta da rana, minti ashirin na halak, da dare kuma ta kwana nesa da filo.

Ita 'yar goye, ki tabbata ta ci abinci mai ɗan kauri da yamma, kamar kunun gero da aka haɗa da gyaɗa da waken suya, ko faten dankali. In ta farka, ki ba ta nono a kwance cikin gidan sauro, ba kunna fitila, ba wasa, don ta gane dare ba lokacin hira ba ne. Kada wata ta ba ki shawarar ɗura mata Piriton ko maganin tari don ta yi barci. Yana da haɗari ga jariri.

Girki shi ne babban mai cin lokaci, kuma a nan ya kamata ki fi yin wayo. Abin da ke cin lokacin ba dahuwar ba ce, shirin ne: gyaran kayan miya, aiken markaɗe, tsintar wake, daka. Duk waɗannan a maida su na mako ko na wata. Ranar Asabar a markaɗo tumatir, tattasai, attaruhu da albasa na kwanaki, ki tafasa har ruwan ya tsotse ƙaf, sannan ki soya da mai da gishiri har man ya taso ya rufe saman. Wannan ita ce uwar miya. Yau ki ɗiba ki sa alayyahu, gobe ki yi dafa-duka, jibi ki tsinka ta da ruwan nama. In firiza na samun wuta, ki raba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya, don narkarwa da sake daskararwa ke lalata ta. In babu wuta, ki yi ta kwana biyu zuwa uku kawai, ki tafasa safe da yamma, kuma busasshen cokali mai tsabta kaɗai zai shiga ciki. Ganye da kifi sai ranar ci ake sa su, su ke saurin sa ta tsami. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji a daka su a ajiye a kwalba. Garin tuwo, garin ɗanwake da garin kunu a niƙo na wata. Wake in ya kwana a jiƙe, dahuwarsa ta ragu sosai, gas ko gawayi ma ya huta.

Tuwon dare ki tuƙa har da na safe. Ɗumame ba abin kunya ba ne, shi ya raini yawancinmu, sai dai a ɗumama shi ya yi zafi har cikinsa. Dafaffiyar shinkafa ce ba a bari ta kwana a waje lokacin zafi, tana iya sa amai da gudawa ko an ɗumama ta. Kuma gida ɗaya, tukunya ɗaya. Wannan ba ya cin tuwo, wancan sai taliya, uwa ta ɗora tukunya uku: a daina.

Yara. Ɗan shekara 11 ya isa wanke-wanke, shara, wanke yunifom da safarsa, da shirya jakar ƙaninsa. 'Yar 8 ta ɗauraye kwanoni, ta ninke kaya, ta gyara shimfiɗa. Na 4 ma ya tattara takalma, ya kai kwanonsa wurin wanki. Kada a ce babban namiji ne a tsallake shi a jibga wa ƙanwarsa, wannan shi ne renon wata mai irin wasiƙarki nan da shekara ashirin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda abin ke lalacewa shi ne uwa ta ga kwano da sauran maiƙo, ta ce "ba ni nan, ba ku iya komai ba," ta sake wankewa. Yaro ya gano lagonki ke nan, gobe ma zai ɓata da gangan. Ki nuna sau biyu kina tsaye, wanda bai fita ba ki maida masa ya sake, ki kuma haƙura da sharar da ba ta kai taki ba. Mako biyun farko za ki ga kamar aikin ƙaruwa ya yi, daga nan sai ya sauka. Kowa da aikinsa tsayayye, a rubuce a bango, don "wani ya zo ya yi kaza" ba mai amsa ta. Gas, tafasasshen ruwa, mai a wuta, da goyon jaririya kusa da murhu, waɗannan ba na yara ba ne.

Maigida kin ce bai rage ku da komai ba, alhamdulillahi. Mai yiwuwa kuma bai san halin da kike ciki ba, tunda yana fita ya bar gida tsaf, ya dawo ya tarar da shi tsaf. Kada ki tare shi da maganar yana shigowa, kada kuma ranar da kuka sami saɓani. Ki bari ya ci ya natsu, ki nuna masa takardar kwana ukun nan da sakamakon asibiti. Ki roƙi abu ɗaya ko biyu, mai suna, mai lokaci. "Na gaji" ba ya gaya wa namiji abin da zai yi. Amma in kika ce, "Abban yara, likita ya ce jinina ya yi ƙasa, barcina kuma awa huɗu ne. Ina neman alfarma biyu: ranar Juma'a bayan la'asar ka fita da manyan nan uku gaida su Hajiya har magariba, sannan a samo mai wanki sau biyu a mako," kin ba shi abin da zai ce to a kai. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta me Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi a gida, ta ce ya kan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ki san wannan don zuciyarki ta natsu cewa roƙonki ba rashin kunya ba ne, amma kada ki maida hadisin bulala, ba ya jawo namiji ta haka.

Game da mai taimako, ra'ayinmu a fili yake. Ƙaramar yarinya da za a ɗauko daga ƙauye ba sauƙi ba ce, ɗiya ta biyar ce kika ƙara, ga nauyin karatunta da amanarta a wuyanki. Gara babbar mace mai zuwa ta yi wanki da wanke-wanke ta tafi, a yi tsada da ita tun farko, a biya ta kan lokaci.

Akwai kuma adashen lokaci, wanda ba ya cin ko sisi. Ki sami maƙwabciya ko facala ɗaya da kika yarda da tarbiyyar gidanta. Asabar ta riƙe naki awa biyu, Lahadi ki riƙe nata. Yana rushewa ne in ba a yanka sharaɗi ba: ƙarfe nawa zuwa nawa, yara nawa, kowa ya zo da abin taɓawarsa, mara lafiya ya zauna gida. Ki san su waye ke shiga gidan, yara su yi wasa a tsakar gida inda ido ke kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ita ma kina iya tarar da ta fi ki buƙata.

Sana'ar ki zauna ki yi mata lissafi da biro. Ki cire kuɗin aya, sukari, robobi, ƙanƙara, markaɗe, da wanda ya lalace, ki raba ribar da awannin da take ci. Kunun aya ba ya haƙuri, in sanyi ya sake shi cikin 'yan awanni ya yi tsami, ga jiƙo, ga tata. Zoɓo ya fi shi juriya da sauƙi. Mai yiwuwa ki ga kunun ayan ranakun makaranta wahalarsa ta fi ribarsa, ki maida shi na Juma'a zuwa Lahadi ko na oda kawai. Biki da suna ma haka. Na jini da na maƙwabta na kusa a je. Saura, ba dole ne kamu da wuni da kai amarya duk a gan ki ba, ki zaɓi ɗaya, ki yi awa guda, ki ba da gudummawarki, ki dawo. Gaisuwar mutuwa da dubiya su ne ba a wasa da su.

In lokacin ya samu, ga tarkon da ke jiran ki: za ki ga gida shiru, ki ce bari in ɗan wanke labule. A'a. Tsakanin dawowarki daga makaranta da la'asar, ki kwanta minti 20 zuwa 30 tare da 'yar goye, ki sa ƙararrawa, don in ya zarce awa za ki tashi jiki a mace, na dare kuma ya ƙi zuwa. Sa'ad da manyan suka tafi Islamiyya, rabin awar farko taki ce kafin ki ɗora tukunya. Ki yi wanka a natse, ba irin na ana buga ƙofa ba. Ki karanta shafinki na Alƙur'ani, ko ki kira wata ƙawa da ke sa ki dariya, ko ki zauna kawai. Yaran su san in Umma ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, sai jini ko wuta ake kiranta.

Kitso ki yanka masa rana, duk mako biyu ko uku, ki yi magana da mai kitso ta san da zuwanki. Kada a ja gaban goshi da ƙarfi. Gashi kan zuba 'yan watanni bayan haihuwa ya dawo da kansa, amma wanda jan kitso ya cinye ba lallai ya dawo ba. Kaushi da faso na hunturu: ki jiƙa ƙafa minti 10 a ruwan ɗumi, ki goge da dutse a hankali, ki shafa man kaɗanya, ki sa safa ki kwanta, sau uku a mako. Bayanki kuma, ki ɗora bahon wanki a kan benci maimakon duƙawa, ki nemi tsintsiya mai dogon hannu, in za ki ɗaga bokiti ki durƙusa da gwiwa. In fitsari na ɗan zubo miki lokacin tari ko atishawa, ki riƙa matse gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki, sau 10, sau uku a rana, ko kina zaune kina shayarwa. Sai an yi makonni ake ganin amfaninsa. Lalle, dilka da turare duk suna da daɗi in hali ya yi. Man bilicin, da ƙwayoyin sha-ka-fashe, da haɗe-haɗen da ake tallatawa a waya ba a san abin da ke ciki ba, ba kula da kai ba ne, kuma abin da mai shayarwa ta sha yana iya isa ga ɗanta.

Saura jin laifin. Sahabi Abu Darda'i ya kasance yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, har Salmanul Farisi ya hana shi, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Wanda aka ce ya sassauta nafila ya yi barci ke nan, balle mai tashi guga ƙarfe ɗayan dare.

Kukan da kika ambata kuwa, ki sa masa ido. In barci ya gyaru, jini ya hau, amma kika ga fiye da mako biyu kullum zuciya a cunkushe, abin da kike so da duk ya fita ranki, abinci ba ya shiga, ko ga dama ga shiru amma barcin ya ƙi zuwa, to wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 20 cikin 100 na gamuwa da irin wannan matsala bayan sun haihu. Ba raunin imani ba ne, yana da magani, addu'a da ganin likita kuma ba sa karo. In tunanin cutar da kanki ko jaririyar ya taɓa gifta miki, ki faɗa wa maigida ko wata babba da kika amince da ita a ranar, a kai ki asibiti, kada ki zauna ke kaɗai da shi.

Magana ɗaya da ba ki tambaya ba. Kariyar da shayarwa ke bayarwa daga ɗaukar ciki ta wata shidan farko ce, shi ma in nono zalla ake bayarwa kuma al'ada ba ta dawo ba. Taki ta wuce nan. Kwanika a kan jinin da ake zargin ya yi ƙasa zai rusa duk tsarin nan, kuma masana lafiya na ba da shawarar a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Ku tattauna da maigida, ku ji bayanin hanyoyin tazarar haihuwa daga bakin ma'aikaciyar asibiti, ba daga zauren WhatsApp ba.

Kada ki ɗauki duk wannan a mako ɗaya, zai zama wani aikin. Wannan makon takarda da asibiti kawai, mai zuwa wanke-wanken dare ya koma hannun yara, na bayansa maganar maigida. Ranar asibitin ki tafi da katin rigakafin yarinyar, da kwalin duk maganin da kike sha, ki karya kumallo kafin ki fita sai in an ce gwajin na buƙatar azumi, ki kuma nemi a rubuta miki lambar PCV da ta hawan jinin a takarda, don in kin koma bayan wata guda a ga ko sun motsa. Allah ya ba ki lafiya.